Kafaɗa ta Huɗu

A mashayar garin Sotillar aka ƙulla cinikin, wata Talata cikin watan Yuli, a teburin nan na kusa da taga mai gajeriyar ƙafa ɗaya. Eleuterio, wanda mabuɗan cocin garin ke hannunsa shekara talatin da ɗaya, yana zaune a gefe guda. Nieves, matar da ke kawo 'yan yawon buɗe ido daga birni a bas, tana ɗaya gefen, ta kife wayarta a kan tebur don ya san da gaske take. Tio take kiransa, wato kawu.

"Tio Eleuterio, sau huɗu ina kawo mutane ƙofar gidanka, sau huɗu matarka tana ce mini kana barci."

"To, barcin nake yi."

"Da ƙarfe goma sha biyun rana?"

"Wanda ya kai saba'in da huɗu ba agogo ke sa shi barci ba, 'yata."

Abin da take so bai da yawa a baki. Kowace Lahadi, daga bazara har sanyi ya shigo, ya buɗe mata cocin. Ya nuna wa baƙinta zanen da ke bangon gabas, wanda aka gano bayan an kankare farar ƙasa, mai mala'ika riƙe da ma'auni da wani ɗan shaiɗan yana jan kwano ɗaya da ƙafa. Ya nuna musu kwamin dutsen baftisma da ya girmi kowane gida a garin, ya hau da su hasumiyar ƙararrawa mai matakala sittin da biyu su ga sheƙar shamuwa, ya kuma ba su labari. Ta ce labari a bakin tsoho shi baƙi ke so, na cikin takarda suna da shi a waya.

Eleuterio ya daɗe yana ƙin wannan. Ya gaji da masu shigowa da guntun wando suna tambayar ina makewayi, ya gaji da matakala, gwiwarsa ta hagu kuma ta riga shi gajiya. Amma bana akwai abin da yake nema.

A kan tudun da ya raba Sotillar da maƙwabciyarta Brezosa akwai ƙaramin ɗakin sujada, a cikinsa mutum-mutumin Maryamu na itace, wanda kowa ke kira Uwarmu ta Kan Tudu. Garuruwan biyu sun yi ƙarni suna jayayya a kanta, har aka yi sulhu a rubuce tun zamanin kakannin kakanni. Takardar ta ce mabuɗin ɗakin na Sotillar ne, muddin kowace shekara, ran takwas ga Satumba, sun sauko da ita gari a kafaɗa, sun kuma mayar da ita ɗakinta kafin faɗuwar rana. Shekarar da suka gaza, mabuɗi ya koma Brezosa. Shi ya sa duk shekara Brezosa ke aiko da mutum ɗaya ya zama shaida.

Ita kanta ba ta da nauyi, tsayinta bai wuce kamu biyu ba. Karagarta ce masifa, katako ne mai kauri na dā, da sanduna huɗu, kowace sanda da kafaɗarta. Bara su huɗu ne cif. A watan Fabrairu Melchor ya rasu. Saura Eleuterio da Abundio mai tumaki da Fulgencio wanda aka yi wa aiki a ƙugu. 'Ya'yan gari sukan zo hutu a Agusta su cika ko'ina da motoci da ihun jikoki, amma kafin Satumba ta kama duk sun koma bakin aiki, garin ya koma mutum goma sha bakwai da karnuka.

"Ƙarti huɗu nake so," in ji shi. "Ranar Uwarmu. Bana Lahadi ta faɗo. Takarda ta ce kafaɗa, ba ta ce kafaɗar wa ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Masu ƙashi, ba irin waɗanda iska ke ɗauka ba."

"Ai rububi za su yi. Ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya ake saukowa."

Ta rubuta sha ɗaya a wayarta. Suka yi musabaha, ya sha sauran ruwan inabinsa, ciniki ya faɗa. Bai ce mata komai game da mayarwa ba. A Sotillar ba a faɗin wannan, kamar yadda ba a ce wa mutum in ya shaƙi iska ya fitar. Wanda ya fito da Uwarmu da safe shi ke mayar da ita da yamma, jariri ma ya san haka.

Tun daga Lahadin da ta biyo ya fara biyan nasa rabon. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ya hau matakala sittin da biyu, ya sauko, ya nuna mala'ika da ma'auni, ya amsa tambayar makewayi. A ƙarshe yakan tsaya a bakin ƙofa ya nuna tudu da mabuɗi, ya ba su labarin yadda wani makiyayi ɗan Sotillar ya tsinci Uwarmu a kogon bishiya, aka kai ta gari sau uku, sau uku tana komawa kan tudu da kanta, har aka gane can take so aka gina mata ɗaki. Wannan ɓangaren kaɗai yake jin daɗinsa. Yakan ja kalmar "ɗan Sotillar" ya ɗan tsaya, kamar mai jiran a musa.

Ran takwas ga wata ta zo da rana mai zafi tun da hantsi. Bas ta tsaya a gindin tudu, mutum arba'in suka fito, Nieves ta tura masa ƙarti huɗu kamar yadda aka yi, uku 'yan birni, ɗaya Bajamushe mai wuya kamar na sa. Eleuterio ya zagaya su yana duba kafaɗunsu irin duban da ake yi wa alfadari a kasuwa, ya gyaɗa kai.

A kan dutsen da ke ƙofar ɗakin sujada kuwa, Casimiro na Brezosa yana zaune da hularsa da agogon aljihunsa. Shekara ashirin da shida ke nan shi ne shaida. Tare suka yi makaranta da Eleuterio, wanda yake kira Leute, tare aka kore su a aji uku, tun daga nan ba su taɓa rabuwa ba tare da sun gaya wa juna baƙa ba.

"Leute, ashe aron kafaɗa ake yi yanzu a Sotillar? Badi sai ku ari mazaje gaba ɗaya."

"Kai dai riƙe agogonka, ɗan Brezosa. Shi kaɗai za ka koma da shi gida."

"Wancan jibgegen ma ya san sunan wadda zai ɗauka?"

"Ita ta san nasa."

Saukowa ta yi kyau, ba a taɓa yin mai sauri irinta ba. Eleuterio yana gaba da sanda, karo na farko cikin shekara hamsin kafaɗarsa ba komai, har yana jin kamar ya manta wani abu a gida. Matarsa Petra da sauran mata suna baya suna waƙa, baƙi suna ɗaukar hoto ta kowane gefe. Aka shiga coci, Fada, limamin cocin, ya yi addu'a a gurguje domin garuruwa goma sha ɗaya ke wuyansa, ya shiga motarsa ya wuce. Aka shimfiɗa tebura a dandali, aka ci gasasshen ɗan rago da burodi da cuku, aka sha. Bajamushen ya rungume Eleuterio har ƙashinsa ya yi ƙara. Wajen ƙarfe uku da rabi tsohon ya sulale gida ya ɗan yi ƙailula, hankalinsa kwance, domin sai shida ake fara hawa.

Ƙugin inji ne ya tashe shi. Ya fito da takalmi a hannu, ya tarar baƙi suna shiga bas ɗaya bayan ɗaya, Nieves tana bakin ƙofa tana ƙirga kawuna.

"Ina zuwa haka?"

"Tsohuwar ganuwa, Tio. Biyar da rabi za a buɗe mana, daga can sai birni."

"Wa zai mayar da ita?"

"Wa?"

"Uwarmu. Kan tudu."

Nieves ta tsaya da ƙirga. "Mayar da ita ake yi? Yau?"

"To a nan za ta kwana? Tun da aka halicce ki kin taɓa jin ta kwana a gari?"

"Tio Eleuterio, ni 'yar birni ce. Ka ce sha ɗaya, na kawo su sha ɗaya." Ta zaro wayar ta nuna masa, kamar rubutun zai ɗauki karaga.

Ya roƙe ta. Bai saba roƙo ba, sai abin ya fito masa kamar faɗa. Ta ce mutum arba'in sun biya don su ga ganuwa, direba kuma yana da awoyin da doka ta yanka masa, in ta bar mutum huɗu a nan babu motar da za ta fitar da su sai Laraba. Ba ƙarya ta yi ba, ya sani. Ta dafa hannunsa ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, da alama kuma har zuciyarta ne. Bajamushen ya ɗaga masa hannu ta taga yana murmushi, bai san me ake ciki ba. Bas ta juya a dandali da ƙyar, ta bi hanya.

Ya zauna a bakin rijiyar dandali ya sa takalmansa. Ya yi tunanin kiran ɗansa, amma tafiyar awa huɗu ce, ko da ya taso a lokacin. Bai kira ba.

Ƙarfe shida suka taru a coci, maza uku da mata biyar. Casimiro ya jawo kujera ya zauna daga bakin ƙofa, ya ɗora agogo a gwiwa.

"A kawo tarakta mana," in ji Abundio. "A lulluɓe ta da farin mayafi, wa zai ce wani abu?"

"Ni," in ji Casimiro. "Takarda ta ce kafaɗa."

"Takardar ta san tarakta ne lokacin da aka rubuta ta?"

"Ta san jaki. Ba ta ce jaki ba."

Petra ta ce ita za ta kama sanda ta huɗu. Eleuterio bai ma tsaya kan maganar cewa mata ba sa ɗauka ba, ya dai dube ta. Shekararta saba'in da ɗaya, ita ce ƙaramar matan garin, bayanta kuma da ƙarfe likita ya ɗaure shi. Ta janye maganar da kanta.

Suka gwada su uku, biyu a gaba, Abundio a baya tsakanin sanduna biyu. Taku shida suka yi. Karaga ta karkace, rawanin azurfa ya zame daga kan Uwarmu ya gangara ƙarƙashin benci yana ƙara, mata suka dafe ƙirji. Aka sauke. Fulgencio ya jingina da bango yana numfashi ta baki. Petra ta durƙusa da ƙyar ta ɗauko rawanin, ta goge shi da gefen zanenta, ta mayar.

Eleuterio ya dubi hasken da ke shigowa ta ƙofa, ya ga ya fara tsawo a ƙasa. Ya ji wata gajiya da ba ta gwiwa ba. Ya cire ƙaramin mabuɗin ɗakin sujadar daga zoben mabuɗansa, baƙin ƙarfe ne da ya sha hannun mahaifinsa da na kakansa har ya yi santsi, ya taka zuwa bakin ƙofa ya miƙa.

"Ungo. Ba sai ka jira rana ba. Ka ci."

Casimiro ya dubi mabuɗin, bai miƙa hannu ba. Shekara ashirin da shida yana hawa tudun nan saboda wannan lokacin. Mahaifinsa ma ya yi talatin yana jira bai gani ba.

"Mu nawa ne a Brezosa, Leute?"

"Ina ruwana."

"Tara. Mazan da ke iya tsayuwa ba sanda, ni da ƙanina. In na karɓa yau, badi ni zan ɗauke ta da wa? Da kyanwa?" Ya rufe agogon ya sa a aljihu. "Ka tuna Waliyyi Roke na garin Molinar? Shekarar da suka kasa fito da shi, mutanen bishop suka zo da farar mota da auduga, suka ce za su adana shi. Na je na gan shi a gidan tarihi. Yana cikin gilashi da lamba a ƙafa, sai ka sayi tikiti ka gaishe shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran."

"To me kake so?"

"Zan kama sandar. Amma ba kyauta ba, ni ba Bajamushe ba ne."

"Faɗi."

"Labarin nan da kake ba baƙi kowace Lahadi. An gaya mini. Daga yau makiyayin ɗan Brezosa ne."

"Ƙarya ce."

"Naka ma wa ya gani? Kana wurin?"

"Kakana ya gaya mini."

"Ni ma ina da kaka."

"In ce makiyayi ne daga yankin nan, ban ambaci gari ba."

"Brezosa. Da bakinka, da ƙarfi, yadda na bayan layi zai ji."

Eleuterio ya juya ya dubi Abundio da Fulgencio, su kuma suka dubi takalmansu. Petra ce ta yi magana.

"Kai tsoho, rana ba ta jiran gardamarku. Makiyayin ya mutu shekara ɗari bakwai, ko daga wata ya faɗo bai dame shi ba."

Ya mayar da mabuɗin cikin zobe. Ya sa zoben a aljihu. "Na yarda," in ji shi, can ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba. Kunnen nan ya tsufa."

"Na ce na yarda, tsohon banza. Kama gaba."

Bakwai saura kwata suka fita. Hanyar tudun samari kan yi ta cikin minti arba'in. Su kuwa in an tara shekarunsu su huɗu sun kusa ɗari uku. Mata suka riƙe gwafanni huɗu suna biye, duk taku ashirin sai a kafa su a ƙarƙashin sanduna, maza su zare kafaɗa su huta. Daga baya ya koma taku goma sha biyar, ya koma goma. Ba wanda ya yi waƙa. Sandar ta sami tsohon gurbinta a kafaɗar Eleuterio, inda fata ta yi kanta tun yana saurayi, ta zauna daram kamar da safe ma ba ta bar wurin ba. Yana gaba ta dama, Casimiro ta hagu, yana jin numfashinsa kamar zuga-zugin maƙeri.

"Haka take da nauyi dama?" in ji Casimiro a hutu na ban san nawa ba.

"Daga kan dutse ba a ji, ko?"

"Rufe mini baki."

Tudun yana gabas da gari, don haka rana tana bayansu. Inuwarsu ta miƙe a gabansu doguwa, karaga da ƙafafu takwas, tana hawa tun kafin su hau. Eleuterio ita yake kallo maimakon agogo. A kwanar ƙarshe, inda ake fara hango ƙofar ɗakin, ya ga inuwar ta dusashe, ta narke cikin ƙasa, jan hasken da ke kan bangon ɗakin ya ɗauke. Saura kamar taku tamanin. Ya gyara sanda a kafaɗa. Suka ci gaba, goma-goma, har suka shigar da ita suka ɗora a mazauninta. Fulgencio ya zauna a ƙasa daɓas, aka bar shi.

Abundio mutum ne da bai iya riƙe gaskiya a ciki ba, kamar tusa. Ya leƙa waje ya dubi yamma.

"Amma fa rana kamar ta riga ta..."

Petra ta taka masa ƙafa.

"Wane ne shaida a nan?" in ji Casimiro, yana murza kafaɗa. "Ni ne. Ni kuwa ƙasa nake kallo tun daga gari, ina da ido a ƙeya ne? Agogo yana aljihu, hannuwa suna kan sanda. Ban ga rana ta faɗi ba. Abin da shaida bai gani ba, bai faru ba." Ya sa hularsa. "Kulle ɗakinka, Leute. Badi ka nemi mutane da wuri, ka kuma gaya musu hawa da sauka, tunda ku 'yan Sotillar kun ɗauka duniya duka a garinku aka haife ta."

Lahadin da ta biyo bas ta zo kamar kullum. Nieves ta kawo wa Petra kwalin alewa na ban haƙuri, ta ce badi za ta tsara tafiyar har yamma, in dai kamfani ya yarda. Eleuterio ya ji "in dai" ɗin sarai. Ya hau matakala sittin da biyu da hannu ɗaya, domin ɗayan bai ɗaguwa tukuna, ya nuna sheƙar shamuwa, ya nuna mala'ika da ma'auni. Da ya fito bakin ƙofa zai ba da labari, sai ga Casimiro a bayan baƙi, ya taka kilomita huɗu da ƙafa, ya sa rigar zuwa biki, ya kafa tafin hannu a bayan kunne.

"Wani makiyayi ne," in ji Eleuterio, ya dubi tudu ya daɗe. "Ɗan Brezosa."

Baƙi ba su ji wani bambanci ba. Wata mata ta tambayi ina makewayi.

In za a yi rabon wannan ciniki, Nieves ce ta fi kowa ci, ta ba da rabin yini na ƙarti huɗu da ba nata ba, ta samu coci a buɗe har sanyi. Casimiro ya saki mabuɗin da gidansu ya yi shekara hamsin da shida yana jira, ya tafi da makiyayi, ya kuma samu wurin zuwa kowace Lahadi, abin da ba ƙarami ba ne ga mutumin da garinsu ya rage mutum tara. Eleuterio ya tsira da mabuɗi, ya rasa barcin Lahadi, ya rasa labarin kakansa, kafaɗarsa ta dama kuma ba ta sake komawa daidai ba. Uwarmu dai tana kan tudu, ba gilashi ba lamba, aƙalla har takwas ga Satumbar badi. Fulgencio ya riga ya ce shi kam kada a lissafa da shi.